Tukunyar Kaka: Tsofaffin Kuɗi da Tarihin da Ke Salwanta a Gidajen Jega da Aliero da Maiyama



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne a ido, har wani ya ce bai kai a tara manyan mutane saboda shi ba. Shi ne tsofaffin kuɗin nan na ƙarfe waɗanda kakanninmu suka ƙulle a tsumma, ko suka zuba a gwangwani, ko suka binne cikin tukunya a ƙarƙashin gado, suka rasu suka bari, mu kuwa muka yi sakaci da su har suka salwanta. Da wuya a sami tsohon gida a Jega ko Aliero ko Maiyama wanda ba a taɓa jin labarin irin wannan ajiya a cikinsa ba. Amma in ka ce a fito da ita ka gani, sai a ce yara sun yi wasa da ita, ko an kai wa maƙeri, ko kuwa ta bi ginin da aka rushe.

Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, irin wannan ajiya takardar tarihi ce ta gida, kuma kafin kuɗin su ɓace labarinsu ne yake fara ɓacewa. Da zarar mai labarin ya kau, sai ƙarfen ya koma tarkace a idon magada. Domin a gane haka, lalle ne mu duba yadda kuɗin suka zo ƙasarmu, da dalilin da ya sa aka ɓoye su, da hanyoyin da suke bi su salwanta, sa'an nan mu duba abin da ya rage a hannunmu mu yi.

Jega a Kan Hanyar Kuɗi

Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa Jega a wajejen 1820, a ƙarƙashin Gwandu, ba da nisa ba da Gimbana inda mahaifinsa ya zauna kafin jihadi. Garin ya dace da wuri, domin ga gulbin Zamfara yana ratsawa ta gefensa ya nufi Kwara, ga kuma hanyar fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Sakkwato. Wanda ya karanta ayyukan Farfesa Mahdi Adamu a kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma, ko na Paul Lovejoy a kan fataucin goro, zai ga matsayin wannan hanya. Aliero tana kan hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Tambuwal da Sakkwato, Maiyama kuwa tana kan wadda ta nufi Koko da Yawuri. Watau ke nan duk kuɗin da suka taɓa yawo a wannan sashe na ƙasar Hausa sun ratsa ta hannun mutanen garuruwan nan uku.

Kuɗin wancan zamani wuri ne. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, a bakin mutanen Sakkwato da Kabi kuwa akan ce ijiya. Wurin nan ba a gulbinmu ake samunsa ba. Asalinsa daga tsibiran Maldif ne da ke Tekun Indiya, daga baya kuma, a tsakiyar ƙarni na 19, 'yan kasuwar Jamus suka shiga jigilar wani iri mai girma daga gaɓar Zanzibar, suka cika kasuwanni da shi har darajarsa ta faɗi ƙwarai. Wuri ɗari shi ne zangu, wuri 20,000 kuwa shi ne keso, keso guda kuma kayan ƙato ne.

Tare da wuri akwai liyari, watau babban kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya. Nauyinsa kamar giram 28 ne, mafi yawansa azurfa tsantsa. Sa'ad da Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza irin wannan babban kuɗin azurfa a kan wuri 2,500. In muka yi lissafi da wannan farashi, keso guda liyari takwas ke nan. Abin da ƙato zai ɗauka yana nishi, ga shi ya shige lalita an ɗaura a gindi. Wannan shi ne mafarin ƙaunar da mutanenmu suka yi wa azurfa, kuma ita ce ajiyar farko da ta shiga tukunya.

Daga Wuri Zuwa Naira

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sai suka hana shigo da wuri a 1904, suka kuma matsa a riƙa biyan haraji da jangali da kuɗinsu. Manomin da bai taɓa bukatar sule ba, tilas ya kai auduga ko gyaɗa ko fata kasuwa ya samo shi. A 1907 aka fito da kwabo da anini masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu a gaba. Aninin farko da sanholo aka yi shi, amma bai jure wa yanayinmu ba, sai aka sake masa ƙarfe a 1908. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. Kuɗin wannan hukuma iri ɗaya ne a Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Sulen da aka karɓa a kasuwar Jega shi za a kashe a Kumasi ba tare da canji ba.

Ga lissafin, domin ɗaliban da ba su tarar da shi ba. Anini goma kwabo guda, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Rabin kwabo shi ne ɗari ko sisin kwabo, kwabo ɗaya da rabi ahu, kwabo uku taro, shida sisi, tara nai, sule biyu kuwa fataka ko dala.

Ranar 1 ga Yuli, 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasa na farko. Taronsu mai kusurwa 12 ne da hoton auduga, sisin da hoton koko, sulen da ganyen kwakwar manja. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, sule goma suka zama naira guda. A 1991 aka mai da naira ɗaya da kwabo 50 na ƙarfe, a 2007 kuma aka ƙaro naira biyu. Yau kuwa, saboda faɗuwar darajar naira, ko almajiri ka miƙa wa kuɗin ƙarfe sai ya dube ka. Tsohon da aka haifa a Maiyama a 1900, in Allah ya ja kwanansa zuwa 1975, ya kashe wuri, ya kashe sulen Turawa, ya kashe sulen Nijeriya, ya kuma kashe naira. Iri huɗu ke nan a rayuwa guda.

Me Ya Sa Suka Ɓoye?

Kada mu yi gaggawar cewa rowa ce ko jahilci. Da farko dai babu banki kusa da su. Shekaru masu yawa bankunan Turawa suna manyan garuruwa ne inda kamfanoni suke, kuma malamai da yawa suna ƙyamar ajiyar da ake ɗora wa ruwa. Mai albasa a Aliero, wanda kuɗinsa na shekara suke zuwa a lokaci guda, ina zai kai su in ba tukunya ba?

Na biyu, sun ga abin da ke samun kuɗin takarda. Gara tana ci, gobara tana cinyewa, ruwan damina yana ruɓar da su. Hukuma kuma takan wayi gari ta soke su. An canza takardun kuɗi a 1968 lokacin yaƙin basasa. An sake launinsu a watan Afrilu na 1984, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai banki. Ku kanku kun ga wahalar da aka sha a farkon 2023 da aka sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Azurfa kuwa ko gwamnati ta soke ta, maƙeri bai soke ta ba.

Na uku, akwai abin da ya faru a 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo, sai hukumar kuɗi ta daina buga sule da fataka da ita, ta koma tagulla mai ruwan ɗorawa. A doka tsohon sule da sabo darajarsu ɗaya, amma mutane ba makafi ba ne. Kowa sai ya biya haraji da na tagulla, ya ɓoye na azurfa. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa duk inda kuɗi iri biyu suka haɗu a kan daraja ɗaya, marar kyau shi ke yawo, mai kyau kuwa ya kwanta ɗaka. Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun yi aiki da shi daidai wa daida.

Na huɗu, ajiyar mata. Tsohuwa takan tara abin da ta samu na kaɗi ko ƙuli-ƙuli ko daddawa a cikin asusu, saboda kayan ɗakin jika, ko ranar ciwo, ko likkafani. Irin wannan ajiya ko mai gida ba ya sanin inda take. Sirrin nan shi ya kare ta daga ɓarawo, shi ne kuma, kamar yadda za mu gani, ya raba ta da magada.

Yadda Ajiyar Ke Salwanta

Hanya ta farko ita ce mutuwar mai sirri. Wanda ya binne tukunya bai gaya wa kowa ba, in ajali ya zo masa ba zato, shi ke nan. Bayan shekaru a rushe ɗakin ƙasa a yi na bulo, a kwashe ƙasar a kai gona ko a cike kududdufi da ita. Wani lokaci ma ruwa ne yake yin aikin, kamar yadda ambaliyar 2010 da ta 2020 suka rushe gidaje masu yawa a Jihar Kebbi.

Hanya ta biyu ita ce wutar maƙera. Liyari da fatakar azurfa da yawa sun koma zobe da warwaro da 'yan kunne a hannun maƙeran fari, wasu kuma an huda su an yi wa kitso ado, kamar yadda matan Fulani suke yi. Wannan ba laifi ba ne a zamaninsa, domin dukiya ce aka sauya wa kama. Sai dai da zarar an narkar da kuɗi, shekarar da ke jikinsa da sunan da ke jikinsa sun tafi har abada.

Hanya ta uku ita ce raini. Kwabo da anini masu huda sun ƙare a hannun yara, ko a ƙarƙashin ƙusar rufin kwano, ko a buhun 'yan gwangwan da ke saye a kan sikeli. Ranar rabon gado akan lissafa gona da gida da dabbobi da tufafi, gwangwanin tsofaffin kuɗi kuwa a ture shi gefe, a ce ba su ci yanzu. A nan akwai abin lura ta fuskar shari'a. Azurfa dukiya ce ko an daina ciniki da ita, saboda haka tana cikin abin da ake rabawa, tana kuma cikin abin da ake fitar wa zakka in ta kai nisabi, watau nauyin dirhami 200. Malamanmu na Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin dukiyar da aka binne tun kafin Musulunci, wadda ake fitar wa humusi, da wadda Musulmi ya binne, wadda hukuncinta na tsintuwa ne. Magini ko lebura da ya tono tukunya a tsohon gida, ba tasa ba ce, ta magadan mai ita ce.

Hanya ta huɗu ita ce kwaɗayi. Akan ji jita-jita cewa wani tsohon kwabo yana yin miliyoyi, sai 'yan damfara su shiga ƙauyuka suna ruɗin mutane. Gaskiyar magana ita ce, galibin kuɗin nan an buga su ne da ɗimbin yawa, kuma farashinsu a wurin masu tara su bai taka kara ya karya ba, in ban da nauyin azurfar da ke cikin wasu. Wanda ya sa ran arziki, da ya ji haƙiƙanin farashi sai ya yi fushi ya watsar. Raini da kwaɗayi duk uwarsu ɗaya, rashin sani, wanda Hausawa suka ce shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Abin da Tukunya Ke Faɗa

To, in ba arziki a ciki, mene ne amfaninsu? Amfaninsu shi ne suna ɗauke da abin da labarin baka ya fi rasawa, watau shekara. Tsoho zai ce maka abu kaza ya faru zamanin sarki wane, ko shekarar fara, amma ba zai ba ka lamba ba. Kuɗi kuwa da lambarsu a jiki. Masu nazarin tsofaffin kuɗi suna da ƙa'ida mai sauƙi: a duba wanda ya fi sabunta a cikin tukunya, to ba a rufe ta ba kafin shekarar da ke jikinsa. In mafi sabunta na 1938 ne, ajiyar ta gab da Yaƙin Duniya na Biyu ce ko bayan haka. Sai dai a yi hattara da liyari, domin Mariya Tariza ta rasu a 1780, kuma duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayanta wannan shekara suke ɗauke da ita, ko da a ƙarni na 20 aka buga su.

Haka kuma baƙin kuɗin da ke cikin tukunya suna nuna inda mai ita ya taka. In an ga dalar Faransa ta azurfa, mai faran biyar, to akwai hulɗa da ƙasar Dosso da Gaya, inda har yau Hausawan Nijar suke ƙirga kuɗi da dala. In an ga riyalin Makka ko kuɗin Sudan, wataƙila wani a gidan ya yi aikin hajji ta ƙasa, tafiyar da takan ci shekaru. In an ga kuɗin Indiya, a tambaya ko akwai wanda ya je yaƙin Bama. Akwai ma kwabo da ɗari da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a cikin shekarar da ya hau, kafin a fitar da kuɗi da sunansa a Ingila kanta. Namu sun fita ne domin masu huda ba su bukatar hoton sarki, suna kawai ake sawa. Malamin tarihi da ya riƙe wannan kwabo a gaban aji ya sami darasi guda cikakke.

Harshenmu ma shaida ne. Har yau muna cewa wane ba shi da ko anini, ko ba a ba ni ko sisin kwabo ba. Muna kiran tauraron kafaɗar hafsa anini. Tsofaffi suna ce wa naira 200 jaka, domin jakar da fam 100 ce. Yaron da ke faɗin waɗannan kalmomi bai taɓa ganin abin da suke nufi ba, alhali wataƙila yana kwance a adudun kakarsa.

Amma duk wannan rabin shaida ne. Kwabo zai gaya maka shekara, ba zai gaya maka wanda ya yi gumi ya same shi ba, ko abin da aka yi niyyar yi da shi. Wannan sai a bakin tsofaffi. Waɗanda suka yi ciniki da fam da sule da hankalinsu, yau mafi ƙuruciyarsu ya ba shekara sittin baya. Kowace shekara ana raguwa.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ga ɗalibai, aikin farko a gida yake. In kun je hutu, ku zauna da kakanni ku tambaya da ladabi, domin tsoho ba ya son a yi masa maganar ajiya kamar ana jiran mutuwarsa. Ku fara da tambayar abin da sule yake saye a zamaninsu, da nawa aka biya sadakinsu, da yadda ake biyan haraji. In an fito muku da kuɗin, ku rubuta sunan wanda ya tara, da sana'arsa, da inda aka ajiye, ku ɗauki hoton kowane ɗaya gaba da baya da wayar hannu. Kada ku goge su da toka ko yashi ko lemun tsami, domin gugar tana cinye rubutun. Kada kuma ku raba abin da aka samu a tukunya guda, ko ku gauraya shi da na wata, domin haɗuwarsu wuri ɗaya ita ce shaidar. A nannaɗe kowane a takarda, a sa inda babu laima.

Ga magada, in azurfa ce a yi mata ƙima a ba kowa haƙƙinsa, amma a yi yarjejeniya mutum ɗaya ya saye rabon sauran, ko a bar ta amana a hannun babban gida da rubutu da shaidu. Ta haka an bi shari'a, ba a kuma watsa tarihi ba.

Ga ma'aikata, musamman na ƙananan hukumomi da na ilmi, wuraren ajiya suna nan. Akwai Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa wadda aka kafa a 1979, da gidan tarihin kuɗi da Babban Banki ya buɗe a Abuja a 2009. Abin da ya rage shi ne a sada su da gidajen mutane. Ba sai an karɓe wa kowa kayansa ba. Rajista guda a ofishin hakimi, inda za a rubuta abin da kowane gida yake da shi tare da hoto, ta isa mafari. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ta kimiyya da fasaha ce, saboda haka auna ƙarfe da ɗaukar hoto da adana bayani a kwamfuta ba baƙon aiki ba ne a wurinta. Ƙaramin akwatin gilashi a kowace makarantar sakandare, mai wuri da anini da sule da kwabon 1973, zai koya wa yara abin da allo ba zai koya musu ba.

Kammalawa

Jama'a, kakanninmu sun yi nasu. Sun rayu a zamanin da kuɗi suke sauyawa a hannunsu ba da shawararsu ba, suka zaɓi abin da suka ga zai daɗe suka adana saboda na baya. Kuskurensu ɗaya, in kuskure ne, shi ne ba su rubuta ba, galibinsu kuma ba su da halin yin haka. Mu da muka yi karatu ba mu da wannan uzuri. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an san inda aka ajiye ta. Ina roƙon duk wanda ke da tsoho a gida ya je ya tambaya tun yana da mai ba shi amsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu zama magada nagari.